Matatar Man da Ka Bari a Taga

Illela,
ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗana, Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, ka sauka Kaduna ba tare da wata tangarɗa ba, ka kuma samu ɗaki da abokan zama na kirki a makarantar koyon aikin injiniyan. Innarka na gaishe ka, ƙannenka duk suna gaishe ka. Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Tun ranar Litinin da motarku ta tashi ban zauna wuri ɗaya ba. Na tafi Kalmalo wurin injinan ban ruwa, na dawo, na sake komawa ba wani aiki ya kira ni ba. Innarka ta ce na zama kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Jiya da safe na shiga ɗakinka in rufe taga, sai ga tsohuwar matatar man ɗan jirgin samanka na wasa a kan dakalin tagar, naɗe cikin tsumma yadda ka ajiye ta. Na koma na buɗe gwangwanin da muke tara ƙananan kayan jirgin, na tarar babbar nan ta gilashi ba ta ciki. Ka tafi da jirgin, ka tafi da akwatin rediyonsa, ka ɗauki matatar da ta fi kyaun gani, ka bar wadda ta fi amfani. Laifina ne, don ban taɓa gaya maka tarihin ko ɗaya daga cikinsu ba. Ga tsohuwar nan na sa a cikin ambulan. Kada ka tayar da injin nan sai ka karanta takardar nan har ƙarshe.

Kana ɗan shekara goma sha ɗaya jirgin ya shigo gidanmu, ban san iyakar abin da ka riƙe ba. Na wani Bature ne da ke aikin hanya a wajen Ƙonni. Mutanen can Mushe suke ce masa, wai malam ke nan da Faransanci, mu nan muna dariya, don mun san mi ake kira mushe. Yakan tsallako yammacin Lahadi ya tashi jirgin a fakon hanyar Gidan Katta, ni kuwa in tsaya baki sake ina kallon abu na katako, faɗin fukafukinsa bai kai buɗin hannuwa biyu ba, yana yawo sama, mutum na ƙasa yana juya shi da akwati mai eriya. Na gyara masa injin wutar gidansa sau biyu. Da zai koma ƙasarsu sai ya bar mini jirgin da galan biyu na mansa. Ya nuna mini cewa man ba fetur ba ne, sifirit ne da man zurma da wani sinadari da suke kira naitiro. Sa'an nan ya ɗaga wani ɗan ƙarfe fari da ke tsakanin tanki da kafireta, bai kai gaɓar yatsa ba, ya murɗe shi ya rabu biyu, ya nuna mini 'yar ragar waya a ciki. Da gurɓatacciyar Hausarsa ya ce, "Umaru, inji ƙarami, maƙogwaro ƙarami. Yashi ɗaya, ya mutu." Na ce to. A raina ina cewa ni da ke kwance injinan da sunka fi ɗakinsa girma za a koya wa tace mai?

Ba a yi wata uku ba wani babba daga ma'aikatarmu ya zo rangadi daga Sakkwato, ya ji labarin jirgin, ya ce sai ya gani. Munka fita fako, mutane sunka taru, har da masu dawowa daga gona. Don in burge, sai na ce bari in wanke matatar tukuna. Na durƙusa kan yashi na buɗe ta, ragar da ba ta wuce ƙwayar wake ba ta suɓuce daga hannuna. Na laluba, na tona, na hura, babu ita. Babban mutum na tsaye cikin rana, ana riƙe masa laima, yana duban agogo. Sai na murɗe ƙarfen nan babu komai ciki, na zuba mai daga buɗaɗɗen gwangwani, na tayar. Jirgin ya tashi lafiya, ya wuce kan gawon nan na bakin hanya, ya yi tari sau biyu, ya yi tsit. Lokacin ban iya saukar da shi ba inji ba. Ya sulmiyo da ka cikin gonar gero, fiffiken dama ya karye biyu. Mutumin ya yi dariya ya ce, "To, Umaru, Allah Ya sa ba haka kake riƙon injinan Kalmalo ba." Maganar nan ta bi ni shekara biyu a ofis. Da na kwance kafireta a gida, ƙwayar yashi ɗaya tak na samu, ta zauna a kafar da allurar daidaita mai ke shiga.

Don haka, Babana, inji irin wanga ba ya tashi ba matata, ko na minti ɗaya ne. In za ka buɗe ta, shimfiɗa farin ƙyalle cikin ɗaki, ka buɗe a kai. Kuma kada idon mutane ya sa ka tashi abin da ka san bai shirya ba. Da na ce wa mutumin nan, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, yau ba zai yiwu ba," da kunyar rabin sa'a zan sha. A makarantarku za ka gamu da manya masu gaggawa da yawa. Koyi faɗin kalmar nan cikin ladabi tun yanzu.

Na tashi na leƙa ƙofar gida, na ji kamar tsayuwar mota. Ba kowa. Bari in ci gaba.

Da na ɗinke fiffiken, sai wani abokin aikina da ya tafi kwas Kano ya samo mini wata matata a can. Cikinta ba raga, wani ɗan dunƙulen tagulla ne mai kama da dutse, hujojinsa ido ba ya ganinsu. Na yi murna, na ce wagga ko ƙura ba ta wuce ta. A lokacin man Mushe ya kusa ƙarewa, na fara haɗa nawa. Sifirit ina samu wurin masu kawo wa makarantu kayan gwaje-gwaje, naitiron da ya rage ina ɗiga shi kamar turare, man zurma kuwa wata tsohuwa a Garu ke matse mini. Manta na da kyau in don shafa a ƙafa ne, amma in kwalbar ta kwana za ka ga wani abu kamar laka ya kwanta a gindi. Na gani da idona. Na ce ai aikin matata ke nan, ta tare. Ta kuwa tare, kullum tana tarewa, har ta cika, ni ban sani ba, tun da ba a ganin cikinta. Muryar injin ta dinga yin siriri tana ƙara, ni ina jin daɗi, ina cewa ƙarfi ya ƙaru. Ashe kukan ƙishirwa yake yi.

Wata Asabar na kai shi bakin tafkin Kalmalo, don ina son in ga inuwarsa a ruwa. Masunta na ciki bisa manyan gorunan da suke yawo da su kan ruwa. Na zagaya da shi sau uku a kansu suna ɗaga hannu. A na huɗu ya yi wata ƙara mai tsini, ya mutu. Na ja sandar akwatin iyakar ƙarfina, amma ya riga ya yi ƙasa da yawa. Na ga ya nufi kan wani dattijo. Mutumin ya sunkuya, hancin jirgin ya goge masa kafaɗa, ya faɗa ruwa. Malam Arzika ke nan, wanda ka taso kana ganinsa a zaurenmu. Ran nan na fara saninsa. Ya fito da jirgin a hannu ɗaya, jini na bin ɗayan, ya tsaya gabana ya ce, "Malam Ummaru, mi niy yi maka? Shekara arba'in ina cikin ruwan ga, kada bai ci ni ba, sai tsuntsun katako?" Na zauna cikin taɓo. Tazarar da ke tsakanin kafaɗarsa da wuyansa ba ta wuce tafin hannu ba. Na goya shi a babur zuwa ɗakin shan magani, anka yi masa ɗinki. Na bi shi gida ina ba da haƙuri gaban iyalinsa. Ya ce, "Na yahe. Amma in za ka sake tashinai, ka kira ni in tsaya bayanka, nan ya hi tsira." Tun daga ranar kuwa bai fasa zuwa ba.

Abin da na koya a nan, matatar da ta fi tsauri ba lallai ita ta fi dacewa ba. Zaɓi wadda za ka iya buɗewa, ka ɗaga ragarta ga rana, ka ga haske ta kowace kafa. In ka samu ta tagullar nan, sai dai in manka mai tsabta ne na kanti, kuma ka riƙa wanke ta da sifirit kana tura shi ta baya, ta inda man ke fita, don dattin ya koma hanyar da ya shigo. Kada ka ɗora wa 'yar matatar cikin jirgi aikin da ya kamata ka yi a ƙasa. Man zurma ka bar shi ya kwanta mako guda, ka tsiyaye na sama, ka zubar da na gindi ko da ranka na so. Sa wata matatar a bakin tiyon galan, don man ya shiga tanki a tace. In ka ji muryar inji ta yi siriri ba ka taɓa komai ba, sauko da shi nan take. Kuma kada ka bi da shi kan mutane, ko suna roƙonka, ko suna tafi. Har yau in Malam Arzika ya tuɓe riga zai shiga ruwa, kau da kai nake yi.

Yanzu ga labarin wadda ka ɗauka. A kasuwar Laraba ta Ƙonni na ga irinta a jere, wurin wani mai kayan babur, kafin a rufe iyaka. Gilashi ne garai-garai, kaurinsu ya kai babban yatsa, kana ganin man na wucewa. Na ce shi ke nan, na huta da matatar da ba a ganin cikinta, na ɗauki biyu. Ban lura ba cewa don fetur anka yi su. Baƙar robar da ke toshe bakin gilashin sifirit na busar da ita, ta tsage, iska ta riƙa shiga. Ga girmanta ya yi wa jirgin yawa, tana lilo in inji na kaɗawa, tana ja wa tiyo. Ban gwada ta ba, na ɗaura.

Ka tuna lokacin da anka rufe iyaka, garin ga ya yi tsit, ko buhun gero ba ya tsallakawa sai an tambayi mai shi. Hankali ya ce kada in kusanci arewacin gari da jirgi. Amma fakon can ya fi kowane santsi, ni kuwa na saba da shi. Na tafi ni kaɗai da hantsi. Da na tayar da injin na ga ƙwayoyin iska na bin cikin tiyo a jere kamar carbi. Na gan su sarai. Na ce na riga na zo, rana na ɗagawa, bari in yi zagaye ɗaya. Ya hau sama sosai, injin ya yi zafi don iskar da yake sha a maimakon mai, ya tsaya. Farkon damina ne, iska na busowa daga kudu. Na juya shi ya fuskanto ni, iskar ta fi ƙarfinsa. Ina tsaye ina kallo ya dinga ja da baya yana sauka a hankali, har ya ɓace bayan itatuwan ƙasar Nijar, can wajen da jandarmomi ke zama.

Ban ko motsa ba sai ga jami'an ɓangarenmu su uku a kaina. Ka dubi yadda sunka iske ni: ma'aikacin gwamnati, shi kaɗai, gab da iyakar da ke rufe, riƙe da akwati mai doguwar eriya, wani abu kuma ya tashi daga wurinsa ya tsallaka. Babbansu ya ce, "Da wa kake magana a can? Mi ka aika?" Na ce abin wasa ne. Ya ce, "Mutum da furfura a gemu?" Ban ga laifinsu ba, ko ni ne haka zan tambaya. Kwana biyu na yi a hannunsu ina maimaita magana ɗaya. Sai da baffanka ya taso daga Sakkwato, ya bar aikinsa, ya zo ya tsaya mini, ya sa hannu a takarda. Ya maido ni a mota har ƙofar gida. Kafin in fita ya ce, "Umaru, mahaifinmu ya yi shekara talatin riƙe da alƙalamin hukuma, ba a taɓa kiran sunan gidanmu a bakin kantar jami'an tsaro ba. Kai ka kai shi, a kan abin wasa." Sunan mahaifin namu kake ɗauke da shi, Babana, shi ya sa ba na iya kiranka da shi. Ran nan da na shigo na gan ka tsaye a tsakar gida, kasa haɗa ido na yi da kai.

Bayan wata guda anka maido jirgin ta hannun hukuma, an kwance shi an duba ko'ina. Da kunka tambaye ni abin da ya faru, na ce iska ce. Iska ta taimaka, amma matatar ce, da idona da ya ga kumfa ya ƙyale. Na jefar da wadda ke jikin jirgin, ta biyun na bar ta cikin gwangwani saboda kyanta. Ita ce ke cikin akwatinka yanzu. Fasa ta ka zubar, kada wani ma ya tsinta.

Kowace matata ta zo hannunka, sabuwa ko tsohuwa, gwada ta kafin ta hau jirgi. Toshe baki ɗaya da yatsa, sa tiyo a ɗayan, tsoma ta cikin kofin ruwa, ka hura da ƙarfi. In ka ga kumfa ko ɗaya, ba ta yi ba. Ka shanya ta ta bushe ƙayau kafin ka mayar, don man nan ba ya shiri da ruwa. Zaɓi ƙarama, daidai kaurin tiyonka, mai zoben roba irin wanda sifirit ba ya ci. In akwai alamar kibiya a jikinta, kan kibiyar ya dubi kafireta. Kada ta jingina da jikin inji, zafi na sa man ya yi kumfa. Kuma Kaduna garin barikoki ne da filayen jirgi. Na ji an ce akwai masu irin wasan nan a can, suna da filinsu. Neme su, ka tashi naka inda suke tashin nasu, da sanin hukumar makaranta. Kada ka ɗauki akwatin nan ka nufi wani fili kai kaɗai don ka ga ya yi santsi.

Na ajiye alƙalamin nan tun azahar. Na yi salla, na zagaya bayan gida, na duba akuyoyin da ba abin da ya same su, na dawo. Saura labari ɗaya, kuma shi ne wanda nake ta kewaye-kewaye a kansa.

Bayan maganar iyaka innarka ta so a ƙone jirgin. Na rataye shi wata shida, sa'an nan hannuna ya fara ƙaiƙayi. Ba ni da matatar kirki. Na je wurin wani bakanike na karɓo sabuwa ta babur, irin mai takarda a ciki, na ce takarda ai ba ta barin komai ya wuce. Kana da shekara goma sha shida a lokacin, kuma ka riga ka fi ni kunne. Kai ke tayar da inji, kai ke saita allura, ni ina riƙe da akwati. Mako biyu ta yi aiki lafiya. A na uku munka fita fakon Gidan Katta, Malam Arzika na nan, da Malam Bawa hedimasta, da marigayi Sarkin Noma. Ka tayar, ka karkata kai kana saurare, na ga hannunka ya kai ga allura. Ka ɗago kamar za ka yi magana, na ce, "Sake shi mana!" Ka saki. Ya yi gudu a ƙasa, ya ɗaga kamar tsayin mutum biyu, ya mutu, ya caki ƙasa da hanci. Farfela ta tarwatse, gaban jirgin ya dagargaje.

Na juyo na ce, "Ka taɓa allura?"

Ka ce, "Na buɗe ta kaɗan, Baba. Na ji muryar ta yi siriri, kamar man ba ya isa."

Na ce, "Wa ya sa ka?" Ban jira amsa ba, na mare ka. Gaban mutanen nan uku. Ban taɓa dukanka ba kafin ranar. Ba ka yi kuka ba. Ka durƙusa ka tsince katakan ɗaya bayan ɗaya, ka zuba a riga, ka ƙi hawa babur, ka tako gida da ƙafa.

Bayan mako guda na zauna in gyara injin. Na buɗe kafireta na ga wani farin abu kamar auduga ya cushe kafar allura. Na sa wuƙa na tsaga matatar babur ɗin. Sifirit ya narkar da gam ɗin da ya riƙe takardar, ita kanta takardar ta jiƙe ta zama kamar ƙullu, tana sakin zare-zare cikin mai. Matatar da na zaɓo da hannuna ita ke aika datti cikin inji. Kunnenka ya ji daidai. Buɗe allurar da ka yi shi ne abin da ya kamata, kuma da na bar ka ka yi maganar da ka ɗago za ka yi, da jirgin bai tashi ba balle ya faɗi. Na daɗe zaune da abin nan a tafin hannu. Kana ɗakinka, taku goma tsakaninmu. Sai na sa shi a aljihu, na zagaya na jefa a masai, na wanke hannu.

A makon ne na ɗauko tsohon ƙarfen Mushe, na yanko masa raga daga wani mataccen famfon mai na Kalmalo, na yanka zobe daga tiyon jirgin na sa masa. Ita ce ke cikin ambulan ɗin nan. Tun daga nan injin bai sake mutuwa a sama ba. Na ce maka dai, "Wagga za a riƙa sawa," ban faɗi dalili ba, don faɗin dalilin zai kai ni ga faɗin sauran. Takarda, auduga, soso, tsumma, duk abin da ke jiƙewa ya saki zare, kada ya shiga hanyar man nan. Abin da anka yi don fetur a bar wa fetur.

Shekara guda ba ka taɓa jirgin ba, sai da innarka ta roƙe ka. Ka dawo, amma ka daina yi mini gardama a kan inji. Kome na ce, sai ka ce, "To, Baba." Na sha faɗin abin da na san ba daidai ba ne da gangan, ko za ka ce a'a. Sai ka ce to, in na juya baya ka gyara. Wanga abu ya fi karyewar jirgin yi mini ciwo, kuma shi ke hana ni zama tun da ka tafi. Za ka shiga hannun malamai da manyan injiniyoyi, wata rana rayukan mutane za su rataya ga injin da ka duba. Ina tsoron in zama na koya maka yin shiru alhali kunnenka ya ji daidai. In ka ji abu, faɗe shi, da ladabi, amma faɗe shi, ko an tsawata maka. In kuma wata rana kai ne babba, kada ka hukunta na ƙasa da kai sai ka kwance injin ka ga abin da ke ciki.

Da safiyar yau na gaya wa innarka duk wanga labari. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Shekara huɗu nike jiran wagga magana. Amma ba ni za ka gaya ma ba." Na ce zan rubuta maka. Ta ce, "Gaban mutane kam mare shi."

Don haka kafin in zauna rubutun nan sai da na hau babur. Sarkin Noma ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Na sami Malam Bawa a ofishinsa na faɗa masa, ya ce shi har ya manta, na ce ni ban manta ba, kuma na san yaron bai manta ba. Na wuce Kalmalo na iske Malam Arzika na ɗinkin komar kamun kifi a gindin itace. Na tsuguna na ce masa ranar nan yaron ke da gaskiya, ni ne mai laifi. Ya ci gaba da ɗinkinsa. Can ya ce, "Ni ban san allura ba, ban san takarda ba. Amma na ga yadda yaron yat tsince katakan nan, na san ba mai laihi ba ne. Ka daɗe ba ka zo ba, Malam Ummaru."

Na daɗe ɗin. Babana, na zalunce ka, na kuma ɓoye gaskiya shekara huɗu don girman kai. Ka yafe mini. Ban ce sai ka amsa da wuri ba, kuma kada ka rubuto mini "to, Baba" don kawai ni na haife ka. In da sauran abu a ranka, rubuto shi yadda yake, zan karanta har ƙarshe.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci abinci ko ba ka jin daɗinsa. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da wuta da mugun aboki. Allah Ya buɗa maka karatu, Ya sa albarka a hannunka da kunnenka, Ya haɗa ka da manya masu saurare. Allah Ya maido mana da kai lafiya, Ya sa ina raye in tarbe ka a tasha. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Umaru.